Ranar da Aka Tattaro Lambobin Baba Kaporal

"Babu su, Baba. Wallahi ko ɗaya babu."

Dela ta kife gwangwanin taba a kan tabarma ta bubbuga gindinsa. Ba abin da ya faɗo sai wani tsohon maɓalli da busasshen kyankyaso. Ta riga ta zazzage akwatin ƙarfen kaf: ga rigar kaki tana warin kafur, ga jar dara, ga ɗamarar fata da ta bushe ta ƙage, ga takalman da rabonsu da ƙafa tun bara. Lambobin ne dai ba su ba dalilinsu.

Baba Kaporal Hayatu ya ɗago kai da ƙyar daga kan matashi. Tun shigowar bazara ciwon ƙirji ya kwantar da shi, ya rame har zobensa ya koma babban yatsa.

"Duba cikin hular."

"Na duba hula, na duba aljihu, har cikin takalmi na zura hannu. Baba, ka yi wa Allah ka tuna. Wa ka ba?"

Tsohon ya tauna baki. Can sai murmushi ya suɓuce masa, irin na yaron da aka kama da hannu a tukunyar miya.

"Ai kin san mutanenki," ya ce.

Ta san su kuwa, tunda ita ce ta fara koya musu. Dela mai ƙosai katanga ɗaya ce ta raba gidanta da na Baba Kaporal a unguwar Pumpumre ta Garwa. Matarsa ta daɗe da rasuwa, Allah bai bar masa ɗa a raye ba, don haka kununsa da wankinsa da faɗansa duk a hannun Dela suke.

Lambobin girma uku ya dawo da su daga yaƙin Turawa. Akwai mai takubba biyu da ƙyalle ja da kore, wadda aka ba shi a Italiya. Akwai babbar, mai ƙyalle rawaya, wadda aka maƙala masa a Faransa cikin wani sanyi da ya ce ko yawu ka tofar sai ya sandare kafin ya kai ƙasa. Sai 'yar fara mai shuɗin ƙyalle, ta sahara, ta tafiyar Libiya da Tunus. Mutanen unguwa kuwa suka yi nasu nazarin: mutumin da aka yi ta ɗirka wa harsashi a ƙasa uku ya dawo da ƙafa biyu da ido biyu, ai ƙarafan nan na ƙirjinsa ba haka kawai suke ba. Ya faɗa ya gaji, wai shi sai da aka gama harbin sannan aka ba shi. Wa ya saurare shi? Ranar da ɗan Dela na fari yake haƙori, zawo ya hana shi sakat, ta ari ɗaya ta rataya masa a wuya, yaro ya warke. Shi ke nan fa! Mai naƙuda ta aiko, mai zuwa gaban alƙali ya aiko, mai jarrabawar makaranta ya aiko. Baba Kaporal bakinsa bai taɓa koyon "a'a" ba.

A kowace shekara, in bikin ƙasa na ashirin ga Mayu ya ƙarato, shi da kansa yake ɗaukar sanda ya bi gida-gida ya karɓo kayansa, ya shiga layin mazan jiya a yi fareti da shi. Bana ciwo ya mantar da shi. Sai ga shi yau, ranar bikin, da sassafe abokinsa Sajan Robert ya leƙo a kan kekensa. Kirista ne mutumin Kaele, tare suka tafi yaƙin tare suka dawo. Ko sauka daga keken bai yi ba ya ɗaga murya daga bakin ƙofa: tunda Hayatu ba zai iya zuwa fareti ba, to fareti zai zo wurin Hayatu. Da an tashi daga fili, kafin la'asar, mazan jiya duka za su taka har ƙofar gidansa, da Ajudan shugabansu da mai busa ƙaho.

Murmushin ya gushe daga fuskar tsohon. Ya kamo gefen mayafin Dela.

"'Yar nan, saurara. Tsohon soja in ya fito layi ƙirji fayau, magana ɗaya ake yi: ya sayar. Akwai waɗanda suka sayar wa Turawa masu yawon kallo, Ajudan har yau ba ya ba su hannu. Ni na san ba zan ga wani bikin ba. Kada ki bari in tafi da wannan sunan."

Tausayi ya kama Dela. Amma ita ba mai kuka a gaban mara lafiya ba ce, sai ta mai da shi faɗa.

"Wa ya ce za ka tafi? Ka tafi ka bar wa wa kunun? Faɗa mini sunayensu kawai."

Ya lissafo mata. Mai rawaya tana wurin Mahamman mahauci. Mai takubba tana wurin Halime matar mai gyaran keke. Ta sahara kuwa Brahim direba ya ɗauka.

Dela ta sauke kaskon ƙosai da sauran ƙullu a ƙwarya, ta ɗaure ɗamara da mayafi, ta faɗa titi. Gari ya cika ya batse. Tutoci a kan kowace dalbejiya, 'yan makaranta sun jeru cikin sababbin kaya suna waƙa, daga can filin biki ana jin dukan ganguna. Rana kuwa tun hantsi ta fara nuna hali. Dela ba ta ko waiga ba, ta ratsa ta cikinsu har layin mahauta.

Ta iske Mahamman a bayan teburinsa yana sara ƙashi, ba riga, gumi na tsiyaya. Ƙato ne na gaske, kuma ɗan damben da mahautan Garwa suke ji da shi.

"Gwaggo Dela! Yau ke da kanki? Tsoka ko kayan ciki?"

"Ba nama ya kawo ni ba. Lambar Baba. Miƙo ta yanzu."

Mahamman ya ajiye gatari a hankali. Ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya dubi ƙudan da ke kan hanta.

"Gwaggo, gobe fa? Wallahi gobe da asuba zan kai masa da kaina, har da kai da ƙafa."

"Yau. Ina take?"

Sai ya nuna damtsensa na dama. Dela ta duba, ba ta ga lamba ba, sai wani jan kambu mai tudu da aka ɗaure da tsirkiya, ya sha gumi har ya yi baƙi.

"Mene ne wannan?"

"Ita ce. Na kai wa baduku ya ɗinke mini ita cikin fata. Ai abu mai ƙarfi ba a barinsa a fili, Gwaggo, iska na shanye shi."

"Innalillahi! Lambar da aka maƙala wa mutum a ƙasar Faransa, ita ka ɗinke kamar layar kunama? Kai, Mahamman, Allah ya shirye ka! Kawo wuƙa."

Ƙaton nan ya ja da baya ya rufe damtse da tafin hannu. Ashe da yamma akwai dambe, 'yan garin Bogo sun zo da wani dogo wanda aka ce hannunsa guduma ne. Ya roƙe ta da Allah da Annabi. Sauran mahauta suka bar ciniki suna ta ƙyaƙyata dariya. Dela ta ga in ta tsaya ja-in-ja rana za ta faɗi.

"To, ba ni za ka gaya wa ba. Wanke hannunka ka wuce gidan Baba, ka gaya masa da bakinka. In na dawo ban same ka can ba, wallahi har filin damben zan zo in cire ta a gaban 'yan Bogo."

Gidan Halime yana bayan masallacin unguwa. Dela ta yi sallama ta same ta a inuwar mangwaro tana jijjiga 'yarta Talatu, 'yar lukuta da ba ta kai shekara ba. Ga lambar nan a wuyan yarinya an zura mata zare, ta cusa ƙafa ɗaya ta ƙarfen a baki tana ta gwagwiya, yawu ya jiƙe ƙyallen sharkaf.

Halime na jin abin da ya kawo Dela ta rungume 'yarta.

"Inna, ki rufa mini asiri. Ke da kanki kika ce ba a cirewa sai haƙori ya huda. Taɓa ki ji, ya kumbura, saura kaɗan. Tun da na rataya mata zazzaɓin ya sauka. In na cire ya dawo fa?"

Dela ta durƙusa gaban yarinyar. Gaskiya ne, ita ta kafa wannan dokar, kuma har zuciyarta ta yarda da ita. Ta sa yatsa ta taɓa dasashin, ga shi nan ya yi tauri amma bai fito ba. Ta dubi idon Halime, ta tuna wannan ce ta uku, biyun farko duk a lokacin haƙori suka koma. Hannunta ya ƙi zuwa ga zaren.

"Zauna tukuna," ta ce. "Kada ki fita ko'ina."

Daga nan tasha ta nufa, takalminta na danƙo na manne wa kwalta. Brahim ya daɗe da rataya 'yar farar lambar a madubin motarsa, wai jandarmomi in sun hango ta sai su ɗaga masa hannu ya wuce. Ta zagaya manyan motoci tana leƙa madubi ɗaya bayan ɗaya, sai ta ga carbi, ta ga ƙahon barewa, ta ga takalmin jariri. Wani tsohon kamasho da ke shan shayi a ƙarƙashin mota ya leƙo.

"Brahim? O dilli, Dada. Ya tafi. Tibati ya nufa ɗaukar bandar kifi. An ce ruwa ya sauka a can, hanya ta lalace. Ko mako mai zuwa kika gan shi ki gode Allah."

Dela ta zauna a kan wata tsohuwar taya. A nan ne ta yi kukanta, gajere, ta share da mayafi, ta zagi Brahim da bandar kifinsa da jandarmominsa, sannan ta tashi.

Da ta koma, tun daga zaure ta jiyo dariyar Baba Kaporal haɗe da tari. Mahamman na durƙushe gaban gado ya miƙa damtse, tsohon na shafa kambun.

"Dela, zo ki ga ikon Allah! An yi wa lambata kaciya an sa mata wando!"

Ya sa Mahamman ya farke ɗinkin da bakin wuƙarsa. Lambar ta fito kore shar saboda gumi, ƙyallen ya cukurkuɗe kamar tsumman goge kasko. Tsohon ya karɓi fatar da ba komai a ciki, ya tofa mata addu'a, ya ɗaura wa ƙaton da hannunsa.

"Tafi da wannan. In akwai wani ƙarfi, ya daɗe da shiga fatar. In kuma babu, to ka kare haɓarka, ni abin da ya fisshe ni ke nan, iya sunkuyawa."

Dela ta samo toka da lemun tsami ta dirje lambar har ta fara ɗaukar ido, ta wanke ƙyallen ta danne shi da gindin tukunya mai zafi. Tana aikin tana ba shi labarin Halime. Ta ɗauka zai ɓata rai, sai ya ce, "To mene ne abin wahala? Ba a cirewa daga wuyanta, amma ai ita ana ɗaukarta. A kawo mini su tare."

Saura ɗaya. Dela ta daɗe tana juya maganar Brahim a baki kafin ta faɗa. Tsohon ya rufe ido. Ita ce ƙarama a cikin ukun, amma Dela ta san ita ya fi so, don ya sha cewa sauran na waɗanda suka yi faɗa ne, wannan kuwa ta waɗanda suka sha ƙishi ce, kuma yawancinsu suna can ƙarƙashin yashi.

Ta tsallaka gidanta ta dawo da wani abu a dunƙule cikin hannu. Tsohuwar dalar azurfa ce daga sarƙar aurenta, ta ɗaura mata shuɗin ƙyalle da ta yago daga bakin zanenta.

"Daga nesa ba mai ganewa, Baba. Ajudan ma ai idonsa ya mutu."

Ya karɓa ya shafa da babban yatsa, gaba da baya, ya mayar mata cikin tafin hannu ya rufe da nasa.

"Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Amma ban taɓa sa ƙarya a ƙirjina ba. Gara a ce na sayar."

Bayan azahar ita da Mahamman suka shirya shi. Rigar kakin ta yi masa yawa, sai da Dela ta tattare ta ta baya da allura. Aka ɗora masa jar dara, aka ɗauko shi cak da kujerarsa aka ajiye a ƙofar gida ƙarƙashin dalbejiya. Lamba ɗaya tal a ƙirjin hagu. Halime ta zo ta ɗora masa Talatu a cinya, ta jingina bayan yarinyar da ƙirjinsa, mai takubba ta sauka daidai gefen 'yar'uwarta, sai dai rabinta na cikin baki. Kusa da su ga wurin ta ukun, fayau. Dela ta yi ta jan wuyan rigar wai ko zai rufe, ya ƙi.

Kafin a ce haka unguwa ta fito kwanta da kwarkwatarta. Mata a bakin ƙofofi da kan katanga, maza a gindin bishiyoyi, masu tallan gyaɗa da rake sun biyo taro. Sai aka jiyo ƙaho daga kan kwana.

Kai, jama'a, wanda bai ga wannan faretin ba bai ga komai ba! Tsofaffi ne da ba su cika layi biyu ba. Wani na dogara sanda, wani hannun rigarsa ɗaya a naɗe yake da fil, wani ya sa kaki a sama da zanen wanka a ƙasa don wandon ya daina shigarsa. Ba ƙafa biyu da ke sauka tare. Amma kowane ƙirji na walƙiya, lambobi na kaɗawa cakal-cakal, kawuna a sama. A gaba ga Ajudan, dogo siriri mai gashin baki, wanda ko liman yake shakkar bakinsa. Sajan Robert na riƙe da tuta. Mata suka ɓarke da guɗa.

"Gardabu!" in ji Ajudan.

Tsofaffi suka ƙame, kowa gwargwadon abin da bayansa ya yarda. Ajudan ya tako har gaban kujera ya sara. Baba Kaporal ya ɗaga hannun dama a hankali har ya kai gefen hula, na hagu kuma na tallafe da Talatu. Ajudan ya sunkuyo yana duba ƙirji kamar yadda ya saba. Ashe idonsa bai mutu ba.

"Wannan na gani. Wannan kuma," ya nuna yarinyar, "sabon kurtu na cinye ta. Kaporal, ina ta sahara?"

Dela ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta buɗe baki za ta yi bayanin Tibati da kifi, amma wa ya taɓa jin mace ta sa baki a layin soja? Baba Kaporal kuwa hannunsa na nan a goshi.

Sai Sajan Robert ya miƙa wa na kusa da shi tuta, ya fito daga layi yana ɗingishi.

"Tana wurina, mon ajudan. Ni na ara."

Ya sa yatsu a ƙirjinsa ya ɓalle tasa, fara mai shuɗin ƙyalle, irinta sak, ya sunkuya ya maƙala a wurin da ke fayau. Yatsun tsufa ne, sai da ya yi ta fama kafin fil ya shiga. Baba Kaporal ya dube shi zai yi magana, Robert ya ce masa ƙasa-ƙasa, "Yi shiru. Yashi ɗaya muka taka, gora ɗaya muka sha. Ba ƙarya a ciki."

Ajudan ya murɗa gashin baki. "To, Sajan, taka fa?"

"Tawa? Na sayar na sha giya, mon ajudan."

Wayyo, dariya! Layi ya watse, mai sanda ya kusa faɗuwa, mai ƙaho ya riƙe ciki. Kowa ya san Robert ko a gadon asibiti da lambobinsa yake kwana. Ajudan ya yi ta ƙoƙarin ɗaure fuska, gashin bakin ya ci amanarsa. Ya dubi Robert, ya dubi Hayatu, ya ja da baya ya buga ƙafa.

"Kaporal Hayatu, kaya sun cika. A busa masa!"

Aka busa. Ƙahon ya tsufa, mai busawar ya fi shi tsufa, amma sai da tsigar jikin kowa ta tashi. Talatu ta saki lambar ta zaro ido, kowa ya ɗauka ihu za ta tsala, sai ta wangale baki tana dariya tana dukan iska da hannu biyu. Hawaye na bin kumatun Baba Kaporal yana dariya shi ma. Dela ta rangaɗa guɗar da rabonta da irinta tun auren 'yarta ta fari. Daɗi ya kashe ta, ta zauna a dakali.

Daga nan fa sai biki. Ta hura wuta ta soye sauran ƙullun nan kaf, ba wanda ta karɓi ko sisinsa. Mahauta suka aiko da tsire. Tsofaffin suka zazzauna kewaye da kujera, aka buɗe tsohuwar gardama: a wani kogi na Italiya, wa ya goya wani? Robert ya rantse shi ya goyo Hayatu. Hayatu ya ce ƙarya yake, ta yaya mai harsashi a ƙafa zai goyi mai lafiya? Ajudan ya yanke hukunci cewa dukansu biyu alfadari ne ya fisshe su. Ana cikin haka Talatu ta jiƙa wa Kaporal wandon kaki, ya ce a bar ta, wannan ita ce lamba ta huɗu.

Da yamma labari ya zo daga filin dambe cewa dogon Bogo ya shimfiɗe Mahamman a turmi na biyu. Shi ya ce santsi ne. Unguwa kuwa ta ce, kun gani ko, da lambar na ciki da ba haka ba. Da aka gaya wa Baba Kaporal, dariya ya yi har sai da aka ba shi ruwa.

Washegari da hantsi Dela ta kai masa kunun gyaɗa. Ta same shi fes, fuskarsa a sake, rigar kakin na rataye a ƙusa inda zai riƙa ganinta. Ya kurɓi kaɗan ya ce ya ƙoshi.

"Jiya na yi kyau?"

"Ka fi ango, Baba."

"Ki kai wa Robert tasa. Sauran kuma ki riƙe, duk wanda ya zo aro ki ba shi. Amma ki ce kada a ƙara ɗinke mini su."

"Kai za ka gaya musu da bakinka."

Ya juya fuska gabas, leɓɓansa na motsi. Dela ta matso ta ji kalmar shahada ce, sai ta ajiye kofin ta kama masa, suka faɗa tare. A ta biyu muryarta kaɗai ta ji. Ta shafe masa ido, ta ja bargon ta rufe shi, ta zauna jim kaɗan a bakin gadon. Ta yi kuka, amma zuciyarta wasai take, don ta san mutumin nan da sunansa ya tafi. Sannan ta fita ta aika a kira liman.

Bayan azahar aka sallace shi a ƙofar gida, inda kujerarsa ta zauna jiya. Mahamman, da kumburarren leɓe, shi ya fara sa kafaɗa a makara. Dela ta tsaya a bakin zaure tare da mata, farar lambar ƙulle a bakin mayafinta.

Can gefen titi ta hango Sajan Robert shi kaɗai, ya jingina kekensa da bishiya, cikin kakinsa na jiya. Ta tsallaka ta kwance mayafi ta miƙa masa.

"Ya ce a ba ka taka, Sajan."

Ya girgiza kai, idonsa na kan masu ɗaukar makara. "Mai da ita jikin rigarsa, Dela. Ta kwana a ɗakinsa tukuna."

Makara ta taso. Robert ya haɗe ƙafafu, ya miƙe iyakar miƙewarsa, ya kai hannu goshi. Jama'a suka yi ta wucewa ta gabansa suna salati, ƙura na tashi a hankali, bai sauke hannun ba har suka sha kwanar masallaci. A ƙirjinsa, tsakanin sauran lambobin, akwai ɗan wuri inda kakin yake sabo fil, rana ba ta taɓa cinsa ba, da 'yan hudojin fil guda biyu.